Kwanon Malam Iro a Wurin Ciyayya

Sana'ata dafa wa marasa lafiya abinci ce, musamman masu ciwon sukari da masu hawan jini. Na yi ta a cikin birnin Zariya tun ina da ƙarfina har gwiwa ta hana ni tsuguno a bakin murhu. 'Yan matan da ake turo mini yanzu su koya, kusan dukkansu da magana ɗaya suke shigowa: "Gwaggo Dije, ai ba wuya, rage gishiri ne da cire sukari." Nakan bar su su gama. Sannan in miƙa musu ƙwarya biyu da mudun acha in ce su rege. Wadda ta dawo washegari, ita nake koya wa.

Zan faɗi aikin bi da bi, yadda aka koya mini shi.

Aikina na farko wanke-wanke ne. Bayan rasuwar maigidana, a farkon shekarun tamanin, wani ɗan'uwa ya samo mini aiki a kicin ɗin wani asibiti da ke wajen ganuwa. Shugabar kicin ɗin wata Kirista ce 'yar Wusasa, Mama Rifkatu, doguwa mai farin ɗankwali. Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Na yi firamare, ina karatu da rubutu, don haka na ɗauka wurin awon abinci za ta sa ni. Sai ta tsayar da ni a ƙofar da kwanuka ke dawowa daga ɗakunan marasa lafiya.

"Dije," ta ce, "kada ki wanke kwano sai kin gaya mini abin da mai shi ya yi da shi."

Da farko ban ga komai ba sai ƙazanta. Daga baya ido ya buɗe. Akwai wanda zai shanye miya ya bar tuwo, shi haƙori ne ko haɗiya ke ba shi wahala. Akwai wanda zai dagargaza malmala ya baza ta, don a ɗauka ya ci rabi. Akwai kwanon da zai dawo fes amma da jan manja a gefe, alhali mu ba mu sa manja ba ranar. Wannan an kawo masa daga gida ya juye a ciki, namu kuma mai jinya ya cinye. Duk wannan sai na faɗa wa Mama Rifkatu kafin in sa soso. Sai da ta gamsu da ni a nan ta matsar da ni wurin regaya, daga regaya zuwa awo, daga awo zuwa murhu. Murhu shi ne na ƙarshe. Ku kuwa masu koyo da shi kuke son farawa.

Regayar acha ba ta son gaggawa. Ƙwayarta ƙanana ce kamar yashin da ke cikinta, nauyi kawai ya raba su. Za ki cika ƙwarya da ruwa, ki riƙa karkaɗa ta a hankali kina tsiyaye achar cikin ta biyu, yashin ya kwanta a ƙasa, ki zubar, ki sake, har sai kin murza da yatsa ba ki ji komai ba. Mai lafiya in ya tauna yashi zai tofar ya ci gaba. Mara lafiya da ma neman dalilin ture kwano yake yi, in ya tauna sau ɗaya ya bar acha ke nan har abada.

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne da aikinsa. Ƙoran regaya ba a shan ruwa da su. Gwangwanin madara shi ne ma'aunin gari. Ƙaramin cokali guda na ware don gishiri, shafe nake yi da yatsa, ba tozo. Tukunyar ƙasa ta wake ce, don ya nuna ba sai an cika masa kanwa ba. Kowane mara lafiya da kwanonsa, nakan ɗaura zare mai launi a hannun murfin don kada a musanya. In an rage gishiri da mai, daddawa da citta da busasshen kifi su ke riƙe miya. Abincin da ba ɗanɗano ba magani ba ne, don ba za a ci ba.

Tambaya ita ce sashe mafi wuya. Likita yakan ba mai ciwon sukari takarda ya ce ya riƙa rubuta abin da ya ci, safe da rana da dare, ya kawo ranar awon jini. Dabara ce mai kyau, ni ma da ita nake aiki. Amma in kin tambayi mutumin birni me ya ci ya ce bai ci komai ba, tuwo yake nufi. Furar da ya dama da sukari ba ya lissafa ta. Raken da ya sha a bakin kasuwa, da shayin da aka ba shi a shagon aboki, da alkakin biki da aka aiko, duk ba ya ƙirga su. Don haka tambayata kashi-kashi ce. Me ka ci? Me ka sha? Wa ya zo gaishe ka, me ya riƙo? Ina ka je? Sai an bi waɗannan sannan a ɗauki alƙalami.

Shekarar da aka rage ma'aikata, ina cikin waɗanda aka sallama. Na koma gidanmu a unguwar Kusfa na kafa murhu a tsakar gida, Mama Rifkatu tana turo mini waɗanda aka sallama daga gado, 'yan cikin birni da matansu ba su san yadda za su dafa musu ba. Abin ya tafi daidai na ɗan lokaci. Sai shekara mai wuya ta zo. Alkama ta ɓace daga kasuwa. Acha, da daga kudu ake kawo ta, ta zama sai wane da wane. Magani ma sai an yi yawo kafin a samu. Na koma dawa da wake, da fate wanda ganye ya fi tsaki yawa, da zogale, da rama. Duk da haka mutane suka riƙa janyewa, suka koma tuwon masara irin na kowa. Wasu na ji an mayar da su asibiti, wasu na je gaisuwarsu. Zaren launi ya taru a kan ƙusa ba kwanon da zan ɗaura wa. Cikin 'yan kaɗan da suka rage akwai Malam Iro.

Malam Iro maɗinki ne, mai aikin hannu a manyan riguna. Gidansa bai da nisa da namu. In ya yi wa riga zanen aska takwas, sai ka juya bayanta ka ga kusan ya kai gaban kyau. Ciwon sukari ya kama shi, ya fara ganin zare kamar ta cikin hayaƙi. Likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: ciwon ne ke cin idon, abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma in sukarin ya sauka za a iya riƙe abin da ya rage. In bai sauka ba, zai makance. Matarsa Asabe ta zo ta same ni, muka tsara. Ita za ta dama masa kunun dawa ba sukari da safe, ni in yi na rana da na dare. Achar da nake samu kaɗan, shi nake ajiye wa, don tuwon dare. Takardar likita kuwa ni nake cikawa, Asabe na faɗa mini.

A nan sai na bayyana ciyayya, don yaran da suka tashi a gidajen haya ba su san ta ba. A unguwanninmu, bayan magariba, magidanta maƙwabta sukan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan ɗayansu. Kowane gida zai fito da kwanonsa. Ba kowa ke cin nasa ba. Za a buɗe na farko, kowa ya sa hannu har ya ƙare, a buɗe na biyu, haka har na ƙarshe. Ta haka ba a sanin gidan da ya dafa nama da gidan da ya dafa gaya. Na san Malam Iro yana fita ciyayya, don haka tun ranar farko na ce masa ya riƙa jawo kwanonsa gefe ya ci shi kaɗai. Ya ce to. Asabe ma ta tambaye shi, ya ce yana jawowa.

Kwanon yana dawowa fes kullum, ba manja a gefe, ba saura. Takarda ta cika da abinci mai kyau. Amma duk ranar awo sukarin yana nan a sama. Likita ya ƙara magani, ya sake bin takardar layi-layi, ya ce akwai abin da ba ya ciki. Na sake jera wa Malam Iro tambayoyina. Bai sha fura ba, bai sha rake ba, shayi ma ya bari. Ido kuwa yana ta tafiya. Har ta kai Asabe ce ke zura masa zare a allurai da safe, ta soke su jere a jikin wata tsohuwar hula, ya riƙa zara ɗaya bayan ɗaya, don ba ya ganin kafar allura.

A gidan suna na ji abin da ya ɓace. Ina zaune cikin mata, sai Hajiya Kulu ta dafa ni. Ita ce matar Alhaji Tanimu, maƙwabcin Malam Iro, mai fataucin manyan riguna zuwa kudu.

"Ke Dije, ashe ke ce kika ɓata mini miji."

"Ni kuma, Hajiya? Da me?"

"Da tuwon nan naki mai laushi. Kullum sai ya shigo yana mini gori, wai in je gidan Iro in koyi girki. Da na tambayi Asabe ta ce ai hannunki ne. Ni da nake tuƙa masa shinkafa da man shanu, wai tuwon tsuntsaye ya fi!"

Mata suka yi dariya. Na ce, "A ina Alhaji yake cinsa?"

"A ina kuwa? A tabarma mana. Ya ce wawarsa suke yi, shi Iron ma da ƙyar yake samun loma biyu."

Washegari da hantsi na sami Malam Iro a zaurensa. Ya matso dab da bakin ƙofa saboda haske, riga a kan gwiwa, fuskarsa kusan tana taɓa ta. Muka gaisa, na tsuguna daga gefe.

"Malam, tambaya ɗaya na zo da ita. Jiya da dare kwano nawa ka sa wa hannu?"

Bai ɗago ba. Ya ja zaren har ƙarshe, sannan ya ce, "Duk wanda aka buɗe."

"Shinkafar gidan Alhaji?"

"Da ita."

"Ka ce mini kana jawo naka gefe."

"Na gwada, Malama Dije. Ranar farko na kai hannu zan jawo, sai Alhaji ya ce, 'Kai Iro, yau rowa za a yi mana?' Sai na tura shi tsakiya. Tun iyayenmu suna raye ake shimfiɗa tabarmar nan. Alhaji da hannunsa yake turo mini tsoka gabana. In ce masa me? In ce tuwon gidanka ne ke kashe ni?"

"Ka ce masa ba ka da lafiya."

"Sun san ina zuwa asibiti. Sun ɗauka ciwon baya ne na zaman ɗinki." Ya ajiye rigar. "Wannan ta wa ce? Ta Alhaji ce. Wadda ke rataye can ma tasa ce. Duk aikin da nake yi shi ke kawowa. Ranar da ya ji maɗinkinsa ba ya gani, wa zai ba wa shaddarsa? Ke ma da ke ce, ba za ki ba makaho ba. Ina roƙonki, kada maganar nan ta fita daga bakinki."

A wannan sana'a ba a faɗin ciwon mutum, ko ga ɗan'uwansa, sai da izininsa. Wannan doka ce, ban taɓa karya ta ba. Amma akwai wata: ba a rubuta wa likita abin da mutum bai ci ba.

Na ce, "Ba zan faɗa ba. Na rana zan ci gaba da kawowa, tunda a cikin gida kake cinsa. Na dare kuwa daga yau na daina. Achar nan don idonka nake rege ta, ba don unguwa ba. A takarda kuma, wurin dare, zan rubuta cewa ka ci a waje, ban san me ka ci ba."

"Haba, Malama Dije."

"Malam, idon naka ne. Ni dai na faɗi nawa."

Na tashi na tafi. Asabe ta biyo ni da yamma ta yi ta ba ni haƙuri, ban sauya ba. Ta koma fitar da tuwon masara irin na kowa.

Ba a yi mako ba Hajiya Kulu ta shigo gidanmu. Ta ce Alhaji ne ya aiko ta, wai tuwon ya ɓace daga tabarma, ko faɗa muka yi da Asabe a sasanta mu? Na ce ba faɗa. Ta ce to me ya faru? Na ce a tambayi mai kwanon. Ta juya ni ta nan, ta juya ni ta can, har ta ce ina da taurin kai kamar jakin 'yan itace. Na ce na ji, a tambayi mai kwanon.

Kwana biyu bayan haka aka yi sallama da ni da safe. Na fito na tarar da Alhaji Tanimu tsaye a zaure. Mutum ne ƙato mai barkwanci, daga nesa ake jin dariyarsa. Ranar ko murmushi babu.

"Dije, ya gaya mini."

"Me ya gaya maka, Alhaji?"

"Sai na maimaita? Sukari. Da ido." Ya share fuska da hannun riga. "Ni nake tura masa shinkafa. In ya yi sanyi in ce ci mana, Iro, ko azumi kake? Ina cinye maganinsa ina yabawa. Wai tsoro yake in ƙwace aiki! Ni na daɗe da ganin askarsa ta fara karkacewa, na ɗauka tsufa ne, na yi shiru. Da na so ƙwacewa ai da tuni na ƙwace."

Ya ce zai sa duk gidajen su koma dafa irin nawa. Na ce ba zai yiwu ba. A shekarar nan wani gidan da ƙyar yake samun masara, kuma ko an fara, mata ba za su jure ba, wata guda za a koma gidan jiya. Na ce ga abin da zai yiwu. Na farko, zan dafa babban kwano wanda zai ishi kowa ya taɓa, dawa da wake in ba acha. Na biyu, shi za a fara buɗewa, a bar Malam ya ƙoshi. Na uku, in ya ƙare Malam ya wanke hannu, kada wanda ya ce masa ƙara.

Alhaji ya girgiza kai. "Na ɗaya da na biyu masu sauƙi ne. Na ukun ne. Ya janye hannu shi kaɗai, mutane na ci yana kallo? Na san Iro tun muna yawo ba wando. Ba zai iya ba."

"To sai ya makance, Alhaji."

Sannan ya ce in dafa, ya sa takalmi ya fita.

Da magariba na kai kwanon da kaina. A ƙofar gidan Malam Iro ake zaman, don haka ni da Asabe muka tsaya daga cikin zaure, bayan ƙyaure, muna jin komai. Alhaji ya ce a fara da na gidan Iro. Aka ci, muna jin ƙarar kwano. Da ya ƙare, muka ji an jawo na biyu. Sai muryar Alhaji: "A miƙo mini buta. Ni na ƙoshi."

Akwai wani Malam Bala, akawu ne, shi ne ƙaraminsu kuma abokin tsokanar Alhaji. Ya ce, "Ikon Allah! Alhaji, shinkafar gidanka ce fa ba a buɗe ba. Ko Hajiya ta yi yaji ne, kai ka tuƙa?"

"Ku ci abinku. Tumbin nan ya ishe ni ɗauka, mota ma kuɗin mutum biyu ake neman karɓa a wurina. Iro, zuba mini ruwa. Kai ma wanke, mu matsa can mu bar wa mayunwata wuri."

Sannan muka ji zubar ruwa, ta tsaya, ta sake zuba.

Haka aka ci gaba. Hajiya Kulu ta gaya mini yana shiga gida yake neman saura, ya ci a ɗaki kamar ɓarawo, amma a tabarma bai sake wuce kwanon farko ba. Na koma cika takarda da abin da na tabbatar. A hankali awo ya fara sauka. Idon hagu ya riga ya tafi, bai dawo ba. Na dama ya tsaya inda yake. Malam Iro ya bar aiki mai ƙananan zane ya koma mai manya, Alhaji kuma bai daina kawo masa riguna ba. Da ido ɗayan nan ya aurar da 'ya'yansa.

Alhaji Tanimu ya riga shi rasuwa, a tsakiyar shekarun casa'in, a kan hanyar dawowa daga fatauci. Aka ɗauke tabarma har aka yi sadakar bakwai. Ranar da aka sake shimfiɗa ta na kai kwano kamar kullum, na tsaya a zaure, don ina son in san abin da zan rubuta. Aka buɗe nawa, aka cinye. Aka jawo na biyu, murfin ya yi ƙara, ba wanda ya sa hannu.

Sai Malam Bala ya yi gyaran murya. "Malam Iro," ya ce, "miƙo butar nan. Ni na ƙoshi."